Yadda Injiniya Ya Haɗa Kan Gidanmu

A gidanmu babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba Injiniya sunansa. Abin da muka sani shi ne, wata rana famfon tsakar gida yana ɗiga, ya ce a ba shi minti goma, ya durƙusa da sifana, ya tashi jiƙe sharkaf, mu kuma muka yi kwana uku muna roƙon ruwa a maƙwabta. Daga ranar Mai Aski, ɗaya daga cikin 'yan hayar gidan, ya raɗa masa Injiniya. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya kai aka buga masa a kati.

Gidan bene ne mai hawa uku, ɗakunan haya goma sha ɗaya, matakala ɗaya, igiyar shanya biyu da ake rigima a kansu kowace safiya. Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Goggo. Tana zaune a hawa na ƙarshe, ciwon gwiwa ya hana ta sauka sai da babban dalili. A ƙasa, ta bakin titi, akwai shago ɗaya da ke kulle tun da mai sayar da takalma ya tashi, kuma mutum biyu ne suka ƙwallafa rai a kansa. Na farko Tela, wanda ya shekara shida yana ɗinki a ɗakin kwanansa, keke a gefen gado, jaririya a gefen keke. Na biyu Injiniya, wanda ke kwana a falon yayarsa, wata nas, yana gyaran wayoyi a kan teburin cin abincinta.

Ranar da Goggo ta kira su biyun don ta yanke magana, Injiniya ya hau da takardu a hammata, ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Goggo, kin san ciwon gidan nan?"

"Na sani mana. Kai da famfo."

"Wannan ya wuce, Goggo, kuma bututun ne tsoho. Ciwon gidan nan bidiyo ne. Ki duba matakala. Mutum biyu za su yi kiciɓis, kowa kansa a waya, ba sannu ba yawwa. Me suke kallo? Wani a can bayan teku ya faɗo daga tsani. Maƙwabcinsu zai faɗo daga tsani a nan, ba wanda zai ɗago. Manyan dandalolin nan sun koya wa mutane kallo a ɓoye, kowa shi kaɗai, kamar mai satar nama a tukunya. Ni na kawo magani."

Ya baje takarda a kan tabarmarta. Manhaja ce ta bidiyo, ta 'yan gidan kaɗai, sunanta Tsakar Gida. Maƙwabci ya ɗauka, maƙwabci ya kalla. A kwana talatin, in ji shi, gidan zai zama tsintsiya ɗaya, shagon kuma ya zama hedikwata.

"Daga gidan nan sai unguwa, daga unguwa sai gari. Wata rana shugabannin waɗancan kamfanoni za su yi layi a matakalar nan suna neman ganina."

"Su dai goge ƙafa kafin su hau," in ji Goggo.

Tela ya gyara zama. "Goggo, ni ba ni da takarda. Jiya dai allura na tsinta a cikin zanin goyo."

Goggo ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta daɗe tana ƙorafin gidanta ya koma tasha, ana shiga ana fita ba mai leƙo ta. Ta ce, "To. Kwana talatin. Ranar zan sauko da kaina in tara kowa in tambaya wa za a ba makulli. Abin da suka faɗa da baki ɗaya, shi za a yi."

Tela ya sauko jiki a sanyaye, don mutanen gidanmu ko ranar wanke matakala ba su taɓa yarda da baki ɗaya ba. Injiniya kuwa ya sauko yana fito, ya tsaya ya auna ƙofar shagon da taku don ya san girman allon da zai kafa.

In faɗi gaskiya, ni da na gama jami'a bara ina jiran aiki a ɗaki na bakwai, da na ji shirin sai da na ce akwai hankali a ciki. Ƙashin manhajar kyauta ya ɗauko a intanet, ya shafa mata kore, ya manna hotonsa a bakin shiga, hannu a haɓa. Ya bi ɗaki ɗaki ya saka wa kowa. Bidiyon farko nasa ne, minti bakwai, ya sa masa suna Jawabin Wanda Ya Kafa.

Abin da ya bambanta Tsakar Gida da sauran dandaloli, wanda Injiniya ya fi taƙama da shi, shi ne babu kallon ɓoye. A ƙarƙashin kowane bidiyo ana jera sunan wanda ya kalla, sau nawa ya kalla, da daƙiƙar da ya fita.

Goggo ce ta fara ɗauka. Minti goma sha tara a kan sharar matakala, murfin kwandon shara, da mai barin silifa a bakin ƙofa. Kafin azahar sakamako ya fito. Tela daƙiƙa goma sha ɗaya. Ni tara. Malam, mai koyarwa a makarantar firamare, shida. Mai Aski uku.

Ta aika a kira mata su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, kai da kake zaunar da 'ya'yan mutane minti arba'in suna sauraronka, ni daƙiƙa shida ka ba ni?"

"Goggo, data ce ta yanke."

"A kan kalmar shara ta yanke? Ta Mai Aski kuma tun a sallama ta yanke?"

Washegari matar Tela ta saka bidiyon jaririyarta tana rarrafen farko. Yaya Nas, yayar Injiniya, ta fita a daƙiƙa ta biyar. Da suka haɗu a wurin shanya, matar Tela ta kwashe kayan Nas jiƙaƙƙu ta tara su gefe guda.

"Lafiya, ƙanwata?"

"Lafiya lau. Na ga ba ki da lokaci ne, na ce kada kayanki su ɓata miki shi. Yarinyar da kika yi wa allura da hannunki, daƙiƙa biyar!"

"Ina bakin aiki fa, ina ɗaura wa mutum ruwa!"

"Ruwan ai ba guduwa zai yi ba."

Mai Aski shi ma ya saka nasa. Ashe ya shekara goma yana shirya waƙa a zuci ba mu sani ba. Ya rera ta a gaban madubin shagonsa, ido a rufe, kilifa a hannu a matsayin makirufo. Kowa ya fita kafin ya ja numfashi na biyu, sai mutum biyu: Goggo, da Tela wanda aka rubuta ya kalla har ƙarshe sau goma sha huɗu.

Mai Aski ya hau har ɗakin Tela ido cike da ƙwalla, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗan'uwa, shekara shida muna gida ɗaya ban san kai ne mai kunne a gidan nan ba. Daga yau askinka kyauta ne. Kuma akwai baiti tara da ban saka ba, kai kaɗai zan rera wa."

Tela ya yi murmushin yaƙe. Gaskiyar magana ita ce, duk lokacin da jaririya ta tsala kuka, da an kunna mata muryar Mai Aski sai ta yi tsit, ta zaro ido, ta ƙanƙame uwarta.

Da sati ya zagayo Injiniya ya tara mu a tsakar gida, ya hau kan bulo.

"Na yi nazarin alƙaluma. Matsalar ba daga manhaja take ba, daga tarbiyya take. Ku gaya mini, in maƙwabci yana yi maka magana, kana juya masa baya ka tafi?"

Ba mu san inda ya dosa ba. Da safe muka sani. Ya cire madannin fita. Bidiyo in ya fara sai ya ƙare. Kuma don kada wani ya ce bai gani ba, duk sabon bidiyo da kansa yake buɗewa, da murya a sama.

Malam ne ya fara shan nasa. Yana tsakiyar darasi, shugaban makaranta na zaune a bayan aji yana duba koyarwarsa, sai muryar Goggo ta fashe daga aljihunsa: "Wanda yake tofa yawu a hawa na biyu, na san shi, kuma yana sa farar riga!" Malam farar riga ce a jikinsa. Ya danna nan, ya danna can, ya zauna a kan wayar. Goggo ta ci gaba daga ƙarƙashinsa har minti takwas, yara na kwance a kan benci.

Tela yana gwada wata mata mai son a ɗinka mata doguwar riga, tef a wuyansa, sai baitin Mai Aski ya taso daga aljihun ƙirjinsa daidai kunnenta. Matar ta kwashe yadinta ta ce za ta dawo. Har yau tana hanya.

Yaya Nas ta dawo daga aiki ta tarar da ƙanin nata a teburinta, ya baje sukurori a cikin farantinta.

"Kai, zo nan. Yau ina auna jinin wani dattijo, wayata ta kama jawabinka. Minti bakwai! Jinin bawan Allah ya hau a gaban idona."

"Yaya, kowace sabuwar fasaha sai an ɗan sha wuya a farko. Wanda ya ƙirƙiro jirgin sama ma..."

"Wanda ya ƙirƙiro jirgin sama a falon yayarsa yake kwana?"

"Tarihi bai faɗa ba."

"To tarihi zai faɗi naka. Kwashe min sukurori daga faranti."

Amma mutanen gidanmu ba sa rasa dabara. Cikin kwana biyu kowa ya samo wa wayarsa makwanci. Da bidiyo ya buɗe sai a tura ta ƙarƙashin matashi, ko cikin durowa, ko a binne ta a buhun shinkafa, a je a yi harkar gaba. Alƙaluma suka haura sama. Kowa ya kalli komai har ƙarshe. Injiniya ya hau wurin Goggo yana haɗa matakala bibbiyu.

"Goggo, ɗari bisa ɗari! Ko manyan kamfanoni ba su taɓa ganin wannan ba. Ina ganin ma ba sai an jira kwana talatin ba."

Goggo ta kawo wayarta kusa da hanci. "An rubuta Mai Aski ya kalli bidiyon kwandon shara sau uku har ƙarshe."

"Kin gani ko? Ya shiryu."

"To wa ya bar murfin a buɗe yau da safe, da gashin mutane a ciki?"

Injiniya ya yi nazari na daƙiƙa biyu, wanda a wurinsa dogon tunani ne. Sai ya buga cinya.

"Fuska! Goggo, abin da ya rage ke nan. A tsakar gida ta gaske kana ganin fuskar mai sauraronka. Ki ba ni zuwa jibi."

Jibi ta yi, ya ƙara abin da ya kira Fuskar Maƙwabci. Duk wanda ke kallon bidiyo, kyamarar gaban wayarsa za ta ɗauki fuskarsa da muryarsa, ta aika wa mai bidiyon. Ya rubuta sanarwa a kan haka, amma a cikin sabon jawabinsa ya saka ta, a minti na shida, don haka babu wanda ya ji.

Goggo ta buɗe don ta ga fuskokin masu sauraronta. Ta ga silin. Ta ga duhun durowa da gefen cokali. Ta ga ƙwayoyin shinkafa kusa da kusa har ana iya ƙirga su. Daga wayar Malam ta ga gindin bokiti, ga muryarsa daga nesa yana tambaya, "Ta gama?"

Na Mai Aski ya fi muni, don lokacin da saƙon ya shigo, Tela na zaune a kujerarsa yana karɓar askin kyauta, an gama gefen dama. Mai Aski ya ga an rubuta sunan Tela, ya ce, "Bari mu ga fuskar masoyi." Ya danna. Ga Tela da matarsa a bakin gado, sun kifa kai suna dariya har da hawaye, jaririya a tsakiya ta zaro ido kamar ta ga maciji. Matar na cewa, "Maida shi baya, maida shi wurin da muryar ke tsagewa!"

Mai Aski ya kalla har ƙarshe, tunda babu madannin fita. Sannan ya kashe kilifa, ya busa ta, ya sa a durowa, ya kwance zanen wuyan Tela ya kakkaɓe.

"An gama."

"Ɗan'uwa, saura gefen hagu."

"A nan muryar ta tsage."

Tela ya koma sa hula har cikin banɗaki. Matar Tela ba ta gaida Nas, Nas ba ta gaida Malam saboda an ji shi yana cewa bidiyonta na wanke hannu ya fi na Goggo tsawo, Malam ba ya gaida kowa. Da can muna wuce juna kai a waya. Yanzu muna wuce juna kai a sama, waya a cikin shinkafa. Matakala ta yi tsit kamar asibiti.

"Shirun nan alama ce mai kyau," in ji Injiniya. "Mutane sun fara tunani mai zurfi a kan juna."

Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ranar kwana talatin, bayan la'asar, ya share shagon, ya jera kujeru, ya aro talabijin ɗin Mai Aski ya ɗora a kan tebur. Tela da Malam suka sauko da Goggo a kan kujera, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba mai ce wa ɗan'uwansa a hankali. Muka zazzauna, kowa ya bar kujera ɗaya tsakaninsa da na kusa, har kujerun suka kasa. Injiniya ya ci guga, ya rataya katinsa a wuya. Wayar Yaya Nas ya haɗa da talabijin, don tasa ya jingine ta a taga tana ɗaukar bikin saboda 'yan jarida na gaba.

"Goggo, 'yan'uwa, maƙwabta. Kafin a miƙa makulli, ga kyautar ƙarshe daga kamfani. Allon Zumunci. Manhaja da kanta ta lissafa minti nawa kowa ya ba maƙwabtansa, ido a kan allo, ba durowa ba. Za ta nuna mana gwarzon gida da fuskarsa, ta nuna mana na ƙarshe da tasa, don ya gyara."

"Ka duba shi tukuna?" Malam ya tambaya.

"Malam, injiniya na gaske ba ya gwada abin da ya tabbata."

Ya danna.

Na ɗaya: Goggo. Fuskarta ta cika talabijin, kusa sosai, tabarau a karan hanci. Tana kallon rarrafen jaririya, tana cewa, "Yawwa, yawwa, taho," tana miƙa hannu kamar yarinyar za ta fito daga wayar. Ya ƙare, ta sake kunnawa. Ga ta tana kallon bidiyon wanke hannu na Nas tana murza tafukanta. Ga ta tana sauraron waƙar Mai Aski har ƙarshe, ta gyaɗa kai ta ce, "Allah sarki, yana da ƙoƙari." A bayanta babu kowa sai labule da kujera ɗaya.

Matar Tela ta gyara goyo. Malam ya sami wani abu a farcensa yana dubawa.

"Kun gani?" in ji Injiniya. "Wannan ita ce fasaha. Yanzu bari mu ga wanda ya ba mu kunya."

Ya juya yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya da murmushi, don haka mu muka riga shi karantawa.

Na ƙarshe: Injiniya. Mintin da ya ba maƙwabta: sifili. Jawabin Wanda Ya Kafa: sau ɗari biyu da goma sha biyu.

Ashe a tasa wayar ya bar wa kansa madannin fita. Kyamarar ce ya manta bai cire wa kansa ba.

Ga shi a talabijin da singileti, a teburin Yaya, yana cin soyayyen ƙwai daga kasko, yana kallon jawabinsa, leɓensa na bin kowace kalma. "Kai, Injiniya," in ji shi ga kansa, "Allah ya yi maka baki." Sai aka ji sallamar Goggo ta katse jawabin. Ya ja tsaki. "Tsohuwar nan kuma! Ki dai miƙo makulli, sannan ki yi wa kwandon sharar wa'azi ku biyu." Ya danna, ya koma kan fuskarsa.

Injiniya na gaske ya daka tsalle ya kai ga wayar. Ya danna sama, ya danna ƙasa, ya danna da yatsa biyu.

"Ɗan kuskure ne na saiti, yanzu zan..."

Yaya Nas ta zare wayarta daga hannunsa a hankali. "In maƙwabci yana magana, ana juya masa baya?"

Na cikin talabijin ya ci gaba, ranaku daban, singileti ɗaya. Muryar Mai Aski, in ji shi, kamar ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba. Tela da shago? Mutumin da ya ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya? Malam kuwa, da alli ake haɗa wa mutane kai da tuni an ba shi lambar yabo. "Ni dai in samu shagon nan in huta da masifar Yaya. Mutum ba zai ci ƙwai biyu cikin kwanciyar hankali ba."

"Huɗu ne," in ji Yaya Nas. "Ashe kai ne. Na yi ta zargin ɓera."

Injiniya ya faɗa bayan tebur ya fizge filogi. Talabijin ta mutu. Muryarsa ta ci gaba daga wayar. Yaya ta ƙara sauti ta ɗaga ta sama, sai ga kujeru ana ja. Malam ya leƙo ta kafaɗar Nas, matar Tela ta dafa hannunta don ta daidaita allon, Mai Aski da Tela kunci da kunci, ni a kan yatsun ƙafa. Aka matso da kujerar Goggo tsakiya. Tun da aka gina gidan nan kawunanmu ba su taɓa kusantar juna haka ba.

"Jama'a, wannan gwaji ne!" Injiniya yana kewaya mu yana neman ƙofa. "Murya ce ta na'ura aka haɗa! Yanzu ana iya haɗa komai!"

"Na'urar ce ta cinye ƙwan?" in ji Malam, bai ko waiwayo ba.

Mai Aski ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fito masa ta hanci. "Ƙofar da ba a sa wa mai ba," in ji shi. "To ni dai ko ba komai jaririya tana saurarona."

Tela ya tuntsire har hularsa ta faɗi. Rabin askin ya bayyana a gaban jama'a, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Matar Tela ta zame daga kujera, Nas ta riƙe ta, su biyun suka tafi ƙasa tare. Goggo tana share ido da bakin mayafi tana cewa a bar ta haka, gwiwarta.

"Gobe da sassafe ka zo in ƙarasa maka," in ji Mai Aski yana haki. "Ba zan yi waƙa ba."

"Yi baiti ɗaya. Na saba."

Sai da bidiyon ya kai ƙarshensa da kansa sannan Goggo ta buga sandarta a ƙasa. Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta ɗaga.

"To. Na ce zan tambaya. Wa za a ba?"

"Tela!"

Har jaririya ta yi wata ƙara da muka ɗauka amincewa ce.

Injiniya ya fito daga bayan tebur, filogi a hannu, ƙura a gwiwar wandon guga. Ya dube mu. Sai fuskarsa ta washe.

"Baki ɗaya! Goggo, kin ji? Baki ɗaya! Kwana talatin cif, kamar yadda na faɗa! Wa ya yi wannan in ba Tsakar Gida ba?"

"Kai ne, ɗana," in ji Goggo. "Ka cika alkawari, ba wanda zai ƙwace maka wannan. Ka haɗa musu baki. Ka kuma ji abin da bakin ya ce."

Ta miƙa wa Tela makulli, da sharaɗin ya ajiye benci a ƙofar shago, kuma a riƙa sauko da ita kowace la'asar.

Yanzu keken ɗinki ya bar gefen gado. Kowa ya goge manhajar daga wayarsa, sai Yaya Nas da aka roƙa ta bari saboda bidiyo ɗaya. In la'asar ta yi, aka sauko da Goggo, benci ya cika, wani zai ce, "Nas, sa mana." Mai Aski ya haddace wurin ƙwai, Malam ya haddace wurin alli. Injiniya kan tsaya daga bakin ƙofa yana gaya wa masu wucewa cewa wannan taron da suke gani shi ya ƙirƙiro shi, kuma yana kan shirin kai wa unguwa.

Jiya na karɓi wayar Nas na duba ƙarƙashin bidiyon, inda manhajar ke jera duk fuskar da kyamara ta kama tana kallo. Kowa har ƙarshe, babu wanda ya taɓa sa shi a durowa. Goggo sau ashirin. Tela ashirin da uku. A can sama kuwa, da sau sittin da ɗaya, Injiniya.

Na tambaye shi. Ya gyara katin wuyansa ya ce hasken da ya faɗo masa a gefen fuska a wurin ya yi kyau ƙwarai.